Gyaran fawar sitiyarin tsohuwar Marsandi W123, daga gwangwanin mai zuwa bokis

Kusan duk wanda ya kawo mini tsohuwar Marsandi da kukan cewa sitiyari ya yi nauyi, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: famfon man sitiyari ya mutu, ko bokis ɗin sitiyari ya gama yayi. Wani ma da famfon Beljiyam a cikin but yake zuwa, ya ce, "Malam, ɗaura mini wannan kawai, sauri nake." Idan ya nace ina ɗaurawa, kuɗinsa ne. Amma a mafi yawan motocin da suka ratsa hannuna, famfon lafiyarsa ƙalau. Mai ne ya tsufa, ko filta ta toshe, ko bel ya saki, ko iska ta shiga layi. Don haka ƙa'idar da nake bi, wadda kuma nake ɗora yaran garejina a kai, ita ce a fara da abin da ya fi araha da sauƙin taɓawa. Bokis shi ne na ƙarshe.

Motar da nake magana a kai ita ce W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, wato su 200, 230E, 240D, 280E da 300D. Ba duka ne suka zo da fawa ba. A shekarun farko, a ƙananan samfuran sai wanda ya ƙara kuɗi ake sa wa, sai daga 1982 aka mayar da ita dole a kowacce. Saboda haka idan taka ta 1978 ce kuma sitiyarinta na gajiyar da kai wurin fakin, buɗe bonet ka duba tukuna. In babu famfo mai gwangwani a gaban inji, ba lalacewa ta yi ba, haka ta baro Jamus.

Sitiyarin wannan mota ba rak ba ne irin na Fijo 505 ko motocin yanzu. Bokis ne na ƙarfe, an ɗaure shi a jikin shasi ta ɓangaren direba da notoci uku. A cikinsa akwai sanda mai zare da ƙananan ƙwallayen ƙarfe ke zagayawa a kanta, da fistin, da bawul. Famfo na gaban inji, bel ke juya shi, gwangwanin mansa kuma a kansa yake zaune. Tiyo biyu ne ke haɗa su. Mai kaurin nan mai bakin ƙarfe shi ke kai mai da ƙarfi zuwa bokis, ɗayan mai kilif kuma ya dawo da shi gwangwani. Da ka murɗa sitiyari, sai bawul ya buɗe wa mai hanya zuwa gefe ɗaya na fistin, man ya tura, hannunka ya huta. Daga ƙarƙashin bokis wani hannun ƙarfe ya fito yana jan doguwar sandar tsakiya, ita kuma tana jan tayarod biyu zuwa tayoyi. A ɗaya gefen motar akwai hannu na biyu mai bushin da ke riƙe da ƙarshen sandar, sai ƙaramin shokazoba a kwance mai shanye girgiza.

Kafin ka ɗauki sifana, auna iskar tayoyin gaba. Na san abin kamar raini ne, amma taya mai ƙarancin iska na sa sitiyari nauyi sosai. Ka duba girmanta kuma. Ƙananan W123 da taya 175 a kan rim 14 suka fito, yanzu kuwa samari na ɗora musu faffaɗan taya don ado, sannan su ce fawa ba ta ja.

Daga nan ɗaga gaban motar har tayoyi biyu su bar ƙasa. Ka tokare ta da ƙarfen tokara ko gungumen katako mai ƙwari, ban da bulo, ban da barin ta a kan jak kaɗai. Inji a kashe, juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ya tafi sumul ba tare da kokawa ba. Idan har a sama ma yana da tauri, ko yana cijewa a wani wuri, matsalarka ba ta mai ba ce. Nemi boljoyin da ya bushe, ko bushin ɗin hannu na biyun nan da tsatsa ta kama, ko kuma wani ya riga ka ɗaure bokis fiye da kima. Ko sabon famfo dal ka sa, wannan ba zai tafi ba.

Idan a sama yana tafiya lafiya, sauke ta, tada inji, ka saurara. Ƙara mai kaifi lokacin da ka kai sitiyari ƙarshe, bel ne ke sulɓi. Gurnani ko kuka da ke ƙaruwa duk sanda ka murɗa, wannan famfo ne ke neman mai bai samu ba, ko yana haɗiyar iska. Nauyi a silo da ke sakewa in ka taka totur yana nuna bel, ko silo ya yi ƙasa da yawa, ko famfo ya fara gajiya. Nauyi ta gefe ɗaya kawai, a ce hagu lafiya dama tauri, shi ne wanda ba na son ji, domin yawanci a cikin bokis yake.

Yanzu buɗe murfin gwangwani. Goge kewayensa da tsumma kafin ka kwance, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. Idan inji ya yi zafi, mai ya kamata ya tsaya kimanin santimita 2 ƙasa da baki. Tsoma yatsa ka shafa a farar takarda. Ja mai haske ko ruwan zuma, madalla. Baƙi mai warin ƙuna, ya gama aiki. Idan ka ga wani ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe, famfo ya fara cin kansa. Kumfa kuwa iska ce.

Maganar wane mai za a zuba ita ce inda aka fi cutar waɗannan motoci. Man giyar otomatik, jan nan ATF nau'in Dexron II ko III, shi ne aka daɗe ana zuba musu, Mercedes kuma na da nata man sitiyari na musamman ga wanda ya samu. Koren man nan na sababbin motocin Jamus ba nata ba ne. Baƙin mai ba nata ba ne. Man birki kuwa guba ne. Akwai masu zuba murfi ɗaya na man birki wai don ya kumbura sil yoyo ya tsaya. Yana tsayawa ɗin, na ɗan lokaci, sannan duk robar da ke cikin famfo da bokis ta yi laushi ta lalace tare, yoyon wuri ɗaya ya koma na wuri biyar. In motarka wagon ce, kula: tana da wata tankar mai daban ta ɗaga bayan mota, man wancan daban ne, kada ka haɗa su.

A ƙasan gwangwanin akwai filta. Mutane da yawa sun yi shekaru da motar ba su san da ita ba, har da wasu makanikai. Zuƙe man da ke ciki da babban sirinji, za ka ga sifirin da abin da ya danne shi a kan sandar tsakiya. Cire su a hankali, ka lura da yadda suka jeru, sai ka zaro filtar da lanƙwasasshiyar waya. Sau da yawa za ka tarar ta yi baƙi ƙirin ta yi tauri. Filta irin wannan ita ke hana mai komawa famfo da sauri, famfon ya riƙa kuka, mai mota ya ɗauka mutuwa ya yi. Ba ta da tsada. Ɗauki tsohuwar filtar ka kai Panteka ko Ƙofar Ruwa a gwada maka, domin famfunan ba iri ɗaya ba ne, akwai na Vickers, akwai na ZF, akwai na LuK. Sayo robar murfi tare da ita.

Zuƙe na gwangwani kaɗai bai isa ba, mafi yawan tsohon man na cikin bokis da tiyo. Ga yadda nake wanke layin. Tanadi lita 2 na sabon mai. Gaban mota a sama, inji a kashe. Cire tiyon dawowa daga jikin gwangwani, ka toshe bakin da ya fita da guntun tiyo mai noti a ciki, shi kuma tiyon ka zura shi cikin gorar roba mai haske. Cika gwangwani da sabon mai. Sa yaro ya riƙa juya sitiyari a hankali, ƙarshe zuwa ƙarshe, kai kuma kana tsaye da galan kana ƙarawa, kada ka bari ƙasan gwangwani ya bayyana. Fistin ɗin bokis da kansa zai riƙa turo tsohon mai cikin gora. Da ka ga abin da ke fitowa ya koma ja mai haske, tsaya, mayar da tiyo, ɗaure kilif. Wasu na tada inji don a gama da wuri. Ni ba na yi, domin famfon na kwashe gwangwanin nan cikin daƙiƙoƙi, kafin ka ce a kashe ya riga ya juya a bushe. Tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata.

Sai fitar da iska, wanda shi ma haƙuri kawai yake so. Har yanzu tayoyi na sama, inji a kashe, a ci gaba da juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, kana kallon ƙananan kumfa na tasowa kana cikawa. In sun daina, tada inji ya yi silo na ɗan lokaci, a juya sau biyu ko uku, a kashe. Idan man ya yi kumfa ya koma ruwan hoda, bar shi ya kwanta, je ka sha shayi ka dawo, a sake. Abu ɗaya da nake yi wa kowane yaro faɗa a kai: in inji na aiki, kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar. A wannan lokacin man ba shi da wurin zuwa, ƙarfinsa na kai wa maƙura, yana zafi nan da nan. Direbobin da ke danne shi har ƙarshe suna jira a ba su hanya a kwana, su ne ke fasa tiyo.

Bel ba ya buƙatar dogon bayani. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. Idan gefensa ya yi sheƙi, ko ya tsattsage, ko mai ya jiƙa shi, canza. Sassauta notocin da suka riƙe famfo kafin ka taɓa abin ja, in ba haka ba za ka karya shi. Kada kuma ka ja shi ya yi tsam don ƙara ta ɗauke, bel mai tsananin ɗauri shi ke cinye bushin da sil ɗin gaban famfo.

Idan mai na raguwa, to yana fita ta wani wuri, kuma ba a gane wurin a kan inji mai datti. Wanke famfo da tiyo da bokis tas, bari su bushe, tada inji, a juya sitiyari, ka bi da tocila daga sama zuwa ƙasa. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne tushen ba. Robar murfi ce ta fi yawan laifi, tana jiƙa famfo gaba ɗaya har a zargi sil. Bayanta sai tiyon dawowa, wanda zafi ke busarwa ya tsage a bakin kilif. Shi wannan a mita ake sayar da shi, amma ka tabbata na mai ne, tiyon ruwa ba ya jure ATF. Babban tiyon kuwa, ƙarfin da ke bi ta cikinsa ya haura baa 60 a ma'aunin matsin mai, adadin yana rubuce a ɗan allon da ke jikin famfo. Ba a ɗaure shi da kilif, ba a naɗe shi da robar tayar keke, ba a kuma laluben hudarsa da tafin hannu inji na aiki, domin siririn mai da wannan ƙarfi na iya huda fata. Cire shi ka kai wa masu matse tiyon tifa da katafila, su yi maka sabo a kan bakunan ƙarfenka na asali. Wurin mayarwa fara ɗaura zaren da hannu, sai ya shiga sosai sannan sifana.

In ka ga mai na fitowa daga bayan fuli yana fantsama a jikin bonet, sil ɗin gaban famfo ne. Ana samun kit ɗin gyara, sil da zobban roba. Fulin da abin zaro fuli ake cire shi, guduma na lanƙwasa shi. Idan ka buɗe famfo, yi aikin a kan tsabtataccen kwali, ka kula da ƙananan fuka-fukan ƙarfen da ke cikin rota, wato abin da ke juyawa a tsakiyar famfo: gefensu mai santsi da zagaye shi ke kallon waje. Duba cikin zoben da suke gogawa. Idan sumul yake, famfonka zai ƙara shekaru. Idan ya yi tsagi-tsagi har farce na kamawa, a nan ne kawai nake cewa a nemo wani. Kafin haka ma, zaro ɗan bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin mai a jikin famfo ka wanke, domin in datti ya maƙale shi, lafiyayyen famfo ma ba ya ba da ƙarfi.

Saura wasan sitiyari, wanda shi ne ciwon W123 na gado. Mota na tafiya a miƙe kana ta gyara hannu hagu da dama. Tsayar da ita tayoyi a miƙe, inji na aiki, ka girgiza sitiyari a hankali kana kallon tayar gaba ta taga. Mercedes ta yarda da wasa har milimita 25 a bakin sitiyari kafin taya ta motsa. Abin da ya wuce haka sai a bincika, amma ba daga bokis za a fara ba. Sa yaro ya riƙa girgiza sitiyari, kai ka shiga ƙasa. Dubi robar da ta haɗa sandar sitiyari da bokis, in ta tsage sandar za ta motsa bokis bai motsa ba. Ɗora hannu a kan kowane kan tayarod da na sandar tsakiya, za ka ji ƙwas-ƙwas in ya mutu. Kama hannu na biyun nan ka ɗaga sama da ƙasa, in yana rawa bushin ɗinsa ya tafi. Sannan ka kalli bokis ɗin kansa: yana motsi a jikin shasi? Notocin nan uku na sakewa, ƙarfen da ke kewaye da su kuma na iya tsagewa, musamman motar da ta sha gargada. Goge wurin ta cikin ramin taya ka haska. Tsagewa a nan ba abin a jira ƙarshen wata ba ne, a ajiye motar sai mai walda na ƙwarai ya ƙarfafa wurin. Notocin ana ɗaure su Nm 70 zuwa 80 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ka ari sifana mai awo in ba ka da ita.

Sai duk waɗannan sun fita daga zargi nake taɓa sukurun da ke saman bokis. Noti ne mai lamba 19 ya kulle shi, shi kuma alanki mai lamba 6 ke shiga kansa. Sa masa alama da fenti kafin komai, don ka san inda ka taso. Ga abin da ke rikita wanda ya saba da wasu motoci: a Marsandi, in kana son rage wasa, hagu ake juya sukurun, kamar za ka kwance shi. Riƙe alanki, sassauta noti, juya sukurun kwatan zagaye ɗaya kacal, riƙe shi kada ya motsa, ɗaure noti. Fita da motar. Sha kwana ka sassauta hannu, sitiyari ya kamata ya dawo tsakiya da kansa. In ya dawo kuma wasa na nan, ƙara wani kwatan. In ya ƙi dawowa, ko ka ji yana cijewa, koma baya nan take.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne haƙoran bokis a tsakiya suka fi cinyewa, tunda mota a miƙe ta fi tafiya. Idan ka matse har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, gefe da gefe inda ƙarfen bai ci ba sai ya kama, kuma a kwana zai kama, inda ka fi buƙatarsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Na ga bokis da aka kawo mini daga wani gareji an ɗaure shi tamau, mai motar na murna sitiyari ya koma sabo, ba a jima ba haƙoran suka cinye juna. Mota mai shekara arba'in ba za ta yi tuƙi irin na Corolla ba, ɗan wasa kaɗan halinta ne. Idan ka kai zagaye guda cur ba ka ga canji ba, cinyewar a wurin ƙwallayen take, sukuru ba ya kai wa can.

Yoyon bokis ya fi fitowa ta ƙasa, inda hannun ƙarfen nan ya shiga. Ana iya canza sil da zoben robar murfin ƙasa bokis na jikin mota. Sa alama a kan hannun da sandarsa kafin ka cire, don ya koma haƙorinsa na asali, ka kuma cire shi da abin zarowa. Kada a dake shi da guduma, kada a gasa shi da wutar gas, dukan na tafiya kai tsaye cikin bokis. Buɗe cikin bokis gaba ɗaya kuwa, ga wanda bai taɓa yi ba, shawarata ya kai wa wanda ya saba. Ƙwallo ɗaya ya faɗa inda bai dace ba, sitiyari na iya kullewa a kan titi.

In ta kama sai an sayi na Beljiyam, riƙe shi a hannu kafin ka biya. Juya sandar shiga da yatsu kana kallon ta fita, ka ji ko akwai wasa ko cijewa. Kalli sukurun sama: in ya fito waje sosai, an riga an cinye gyaransa, bar musu kayansu. Tabbatar kuma na mota mai tuƙin hagu ne, domin na Ingila ba ya hawa tamu. Wurin ɗaurawa, bokis na da wata ƙaramar toshiya da ake cirewa a ga alamar tsakiya ta ramin. Daidaita shi a nan, daidaita sitiyari a miƙe, sannan ka haɗa su. Sa sabuwar filta da sabon mai ko da jiya ka canza, fitar da iska kamar yadda na faɗa, ka wuce wurin alaimen kai tsaye. Bayan mako guda ka sake bin notocin nan uku da sifana, ka buɗe murfi ka duba mai.